Ganga Ɗaya, Hukunci Ɗaya: Yadda Ake Auna Tsohuwar Burbon a Kentucky

A jihar Kentucky ta Amurka ana iya cika gangunan katako biyu da burbon, wato wiskin Amurka, barasa mai ƙarfi da ake yi galibi da masara, a rana ɗaya, daga tukunya ɗaya, a kai su rumbu ɗaya a ajiye. Bayan shekara goma idan aka buɗe su, sai a tarar kowace ta kama gabanta. Ɗaya ta yi ja ta yi kauri, tana ƙamshin toyayyen sukari. Ɗayar kuwa launinta bai nuna ba, ga ɗaci ga bauri. Wannan saɓanin ya daɗe yana ci wa masu sana'ar burbon tuwo a ƙwarya, kuma dabarar da suka samo ita ce gauraya: a juye ganguna masu yawa a babban tanki guda, mai kyau ta rufa wa maras kyau asiri, kwalbar bana ta yi daidai da ta bara. Burbon ta ganga ɗaya ita ce wadda aka hana wa wannan rufin asiri. Abin da ganga guda ta bayar, shi kaɗai ake ɗurawa a kwalba.

Hukuncin giya a wurin mafi yawan masu karanta wannan rubutu sananne ne, kuma ba shi ake tattaunawa a nan ba. Sana'ar dai babba ce a can. Ƙungiyar masu yin ta a Kentucky ta ce jihar ce ke samar da kusan kashi 95 cikin 100 na burbon ta duniya, kuma gangunan da ke kwance a rumbunanta sun haura miliyan 10, wato sun ninka yawan mutanen jihar fiye da sau biyu. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda mutanen nan suke yanke hukunci a kan abin da ba shi da na biyu, da kuma iyakar inda hukuncin nasu yake aiki.

Kafin wani ya kai kofi baki, doka ta riga ta yi rabin aikin. A 1964 majalisar dokokin Amurka ta ayyana burbon a matsayin kayan Amurka na musamman. Ba dole ba ne a yi ta a Kentucky, amma dole ne a yi ta a cikin ƙasar. Aƙalla kashi 51 na hatsin da aka dafa ya zama masara. Ragowar yawanci hatsin rai ne (wani hatsi dangin alkama) ko alkama, da ɗan tsiron sha'ir. Wajen tacewa da tururi, ƙarfin barasar ba zai wuce kashi 80 ba, don kada a tace har ɗanɗanon hatsin ya gudu. Wajen zubawa a ganga ba zai wuce kashi 62.5 ba, a kwalba kuma ba zai gaza kashi 40 ba. Gangar ta zama sabuwa fil, ta itacen oak, wadda aka babbake cikinta da wuta. Ba a ƙara launi, ba a ƙara kayan ɗanɗano. Ruwa kaɗai aka yarda a zuba.

Tsananin nan yana da asali. A ƙarni na 19 'yan kasuwa sukan sayi farar barasa mai arha, su zuba mata ƙonannen sukari ko ruwan taba don ta yi launi, su sayar da ita a matsayin tsohuwar wiski. Masu sana'a na gaske, cikinsu har da Kanar E. H. Taylor, suka matsa lamba har aka yi wata doka a 1897. Kwalbar da ke son shaidar wannan doka sai ta fito daga masana'anta ɗaya, a zangon aiki ɗaya, ta yi aƙalla shekara 4 a rumbun da ke ƙarƙashin sa idon gwamnati, kuma a ɗura ta a kan kashi 50 cif. Har yau ana buga wannan shaida a jikin wasu kwalabe.

Amfanin sanin dokar ga mai ɗanɗanawa shi ne ta rage masa zato. Abin da ke fitowa daga tukunyar tacewa fari ne tas, ba shi da launi ko kaɗan. Saboda haka duk jan da aka gani a kofi daga katako ya fito. A Scotland an yarda a ɗiga wa wiski launin ƙonannen sukari, don haka can ido yana iya yaudarar mutum. A burbon launi shaida ce ta gaskiya a kan yawan cuɗanyar da aka yi tsakanin ruwan da itacen, ko da yake ba ya faɗa maka ko cuɗanyar ta yi kyau.

Ita gangar tana cin galan 53 na Amurka, kusan lita 200. Da farin oak na Amurka ake yin ta, ba ƙusa ba gam, zoben ƙarfe ne kawai ke riƙe da faifan katakon. Kafin a rufe ta ana hura wuta a cikinta, daga kamar daƙiƙa 15 zuwa kusan 55, gwargwadon abin da masana'anta ta nema. Babbaka mafi zurfi takan sa cikin gangar ya tsattsage, har masu sana'ar suna ce masa fatar kada. Baƙin gawayin da ya samu aikinsa tsotse warin da ba a so, musamman na farar wuta. Amma dukiyar tana ƙarƙashin gawayin, a wani siririn jan layi inda zafi ya toya sukarin da ke cikin itacen bai ƙone shi ba. Daga nan zaƙi-zaƙin nan yake fitowa. Sinadarin da ke ba itace tauri, idan zafi ya farfasa shi, shi ke ba da ƙamshin banila. Akwai wani mai ƙamshin kwakwa, wanda oak na Amurka ya fi na Turai yawansa. Sai kuma sinadarin bauri, wanda kaɗan ɗinsa ke ba ruwan jiki, da yawansa kuma ya ɓata komai.

Ganga biyu ba sa zama ɗaya tun daga nan, domin faifan katakon kowace daga bishiyoyi daban-daban suka fito, wata ta girma a hankali a kan tudu, wata ta yi saurin girma a kwari. Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Babban mai raba su shi ne rumbu.

Rumbunan Kentucky da yawa dogayen gine-gine ne, wasu hawa bakwai, wasu har tara, kuma galibinsu ba a sanyaya su ba a ɗumama su. Da zafi, ruwan cikin ganga yakan kumbura ya kutsa cikin katako. Da sanyi, wanda a can yakan kai ga ƙanƙara, sai ya tsuke ya dawo, ya taho da abin da ya kwaso. Wannan shiga da fita shi ne tsufan. A hawa na sama, inda rufin kwano yake dafa iska, abin yana tafiya da ƙarfi da sauri. A ƙasa, inda ake da sanyi da laima, yana tafiya a hankali. Kuma kowace shekara wani kaso yana sulalewa ta jikin katako ya bi iska, kimanin kashi 3 zuwa 5, alhali a Scotland mai sanyi bai cika wuce kashi 2 ba. Abin mamakin shi ne a hawa na sama, inda iska ta bushe, ruwa ya fi barasa saurin tserewa, sai ƙarfin abin da ya rage ya ƙaru. Gangar da ta shiga da kashi 62.5 tana iya fitowa da kashi 68 ko 70. A hawan ƙasa kuwa ƙarfin yana iya tsayawa ko ma ya ragu.

Kowane kamfani da yadda yake fama da wannan. Maker's Mark suna sauya wa gangunansu wuri, na sama su sauko, don kowace ta sami rabonta na zafi da sanyi. Four Roses kuwa rumbuna masu hawa ɗaya suka gina a Cox's Creek don bambancin ya ragu. Sauran suna barin ganga inda aka ajiye ta, su dogara da gauraya. Tsofaffin ma'aikata kuma sun san cewa a kowane rumbu akwai lungunan da suka saba fitar da ganguna na musamman, kuma a da irin waɗannan shugaban masana'anta yake keɓewa don manyan baƙinsa.

Wannan al'adar ce Elmer T. Lee ya mayar da ita kasuwa a 1984, a masana'antar da yanzu ake kira Buffalo Trace a garin Frankfort. Lokacin kasuwar burbon ta faɗi warwas a Amurka, matasa sun koma farar barasa. Lee ya tuna yadda tsohon maigidansa Albert Blanton yake zaɓo ganguna daga tsakiyar wani rumbu mai bangon ƙarfe, rumbun H, sai ya fara ɗura ganga ɗaya-ɗaya da sunan Blanton's, ana rubuta lambar ganga da ranar da aka juye ta da hannu a jikin takardar kwalba. Mutanen Japan ne suka fara rungumar ta kafin Amurkawa su farga. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu.

To, yaya ake ɗanɗanawar? Ana zuba kaɗan a kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, don ƙamshi ya taru wuri guda. Ido ba ya ɗaukar lokaci. Ana duba launi, ana duba ko ruwan garau yake. Wasu sukan juya kofin su tsaya kallon yadda ruwan ke gangarowa a jikin gilashi, suna cewa jinkirinsa alamar inganci ce. Wannan ba komai ba ne illa bambancin saurin bushewar barasa da ruwa. Yana nuna ƙarfi, ba ya nuna kyau.

Hanci ne alƙali na gaske. Harshe ɗanɗano kaɗan ya sani, zaƙi da ɗaci da tsami da ire-irensu. Sauran duk abin da mutum yake zaton bakinsa ne ya ji, hancinsa ne ya ji ta bayan maƙogwaro. Matsalar ita ce barasa mai kashi 50 ko 60 tana kashe hanci nan take idan aka cusa shi cikin kofi. Shi ya sa ƙwararru suke kawo kofin a hankali, baki a ɗan buɗe, su shaƙa kaɗan su janye. Masu haɗa wiski a masana'antu ma sukan tsinka samfurin da ruwa har ya sauko wajen kashi 20 kafin su sansana, saboda a nan ne aibi ba ya samun wurin ɓuya. Abin da suke nema shi ne su rarrabe muryoyi uku. Akwai ta hatsi: masara tana ba da zaƙi, hatsin rai yana ba da yaji irin na masoro, alkama tana ba da laushi. Akwai ta yis, wanda ke haifar da ƙamshin 'ya'yan itace ko na fure; Four Roses sun daɗe da suna wajen amfani da yis iri biyar da haɗin hatsi iri biyu, abin da ke ba su samfuri goma daga masana'anta ɗaya. Sai ta katako: banila, toyayyen sukari, kirfa, kanumfari, kuma idan an tsufa, ƙamshin fata da na busasshiyar taba.

Kurɓin farko ba a yanke hukunci da shi, na saba wa baki da zafi ne. A na biyu ake juya ruwan ko'ina cikin baki kamar ana tauna shi, salon da Booker Noe, jikan shahararren mai yin burbon Jim Beam, ya yi fice da shi. A nan ake jin nauyinsa, ko yana da maiƙo-maiƙo yana lulluɓe harshe, ko kuwa tsararo ne. Daga nan a ɗiga ruwa kaɗan a sake gwadawa. Masu sana'ar sun daɗe suna cewa ɗigon ruwa yana buɗe ƙamshi, kuma a 2017 wasu masana kimiyya biyu a jami'ar Linnaeus ta ƙasar Suwidin suka nuna da lissafin kwamfuta cewa idan aka rage ƙarfin barasa, wani sinadarin ƙamshi yakan taso saman ruwan inda hanci zai same shi. Burbon mai kyau takan bayyana sabon abu idan ta sha ruwa. Mai rauni kuwa sai ta watse, ta bar ɗaci kawai.

Sai abin da ya rage a baki bayan ruwan ya tafi. Alƙalan gasa ba sa haɗiyewa, tofarwa suke yi, in ba haka ba kafin azahar babu mai iya rubuta sunansa. Suna lura da tsawon lokacin da ɗanɗanon ya ɗauka kafin ya gushe, da kuma abin da ya bari a ƙarshe. Idan zaƙi da yaji suka ja lokaci suna dusashewa tare, an yaba. Idan kuwa bakin ya bushe ƙamas, dasashi ya tsuke, to katako ya yi rinjaye. A ganina tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga tsohuwar burbon ita ce wannan: bayan duk shekarun nan, har yanzu ana jin hatsin, ko itace ya haɗiye shi?

Domin yawan shekaru ba shi ne inganci ba, ko da yake kasuwa tana so a ɗauka haka. Duk wanda ya taɓa shan shayin da ganyensa ya wuce lokaci a kan wuta ya san abin: launi ya ƙara duhu, ƙarfi ya ƙaru, amma bauri ya kashe daɗin. Dangin sinadarin da ke yin wannan a shayi shi ne ke fitowa daga oak. Kuma tunda doka ta ce gangar burbon sabuwa ce, ƙarfinta duka yana nan. Wiskin Scotland galibi a tsofaffin ganguna take kwana, da yawansu ma waɗanda Kentucky ta gama da su ne ta sayar, kuma a ƙasa mai sanyi, shi ya sa take iya yin shekara 25 ba ta lalace ba. Shekara 12 a saman rumbun Kentucky wata aba ce daban. Jimmy Russell, wanda ya fara aiki a masana'antar Wild Turkey tun 1954, an san shi da ra'ayin cewa burbon ba ta cika amfana da wuce shekara goma sha kaɗan ba. Akwai masu kai wa shekara 20 da 23, irin su burbon mai suna Pappy Van Winkle, amma waɗannan zaɓaɓɓun ganguna ne da suka jure, ba kowace ba. Tsadarsu kuma lissafi ne kafin ta zama daɗi. Idan ganga tana asarar kashi 4 a shekara, bayan shekara 10 kusan kashi biyu cikin uku ne ya rage, bayan 23 kuwa bai kai rabi ba, ga kuɗin ajiya na duk tsawon lokacin. Da zarar an ɗura a kwalba kuma tsufa ya tsaya. Kwalbar shekara 10 da ta yi shekara 30 a kabad, 'yar shekara 10 ce har gobe.

Akwai wani rauni a cikin hukuncin kansa, wanda masu abin ba sa musu a kai. Idan mutum ɗaya a tebur ya ce yana jin ƙamshin lemo, nan da nan kowa zai ji lemo. Idan aka ga farashi ko sanannen suna, baki yakan bi ido. Shi ya sa a gasa ake ɓoye kwalabe, a ba alƙalai kofuna masu lamba kawai, kowa ya rubuta nasa kafin a yi magana. Ko da haka, bakin da ya ɗanɗana kofi talatin ya gaji, kuma ina ganin a irin wannan hali mai ƙarfi da kauri ce ke fin jan hankali, mai laushi da natsuwa sai ta ɓace a cikin taro.

A 2019, a gasar barasa ta duniya da ake yi a San Francisco, wata burbon mai suna Henry McKenna ta kamfanin Heaven Hill ta zo ta ɗaya a kan dukan wiskin da aka kawo, har da na Scotland. Ta ganga ɗaya ce, shekararta 10, tana ɗauke da shaidar dokar 1897. Kafin nan kwalba ce ta talaka, ana samun ta a kanti a kan dala talatin da 'yan kai. Labari na fita aka yi mata wawaso, ta ɓace daga kantuna, farashinta ya yi sama. Sai kuma ƙorafi ya biyo baya: mutane da yawa da suka saya suka ce ba su ga abin da aka gani ba. Babu wanda ya yi musu ƙarya. Alƙalan sun ɗanɗana abin da ya fito daga ganga guda, kuma ganga guda mai shekara 10 ba ta ba da abin da ya wuce kwalba ɗari biyu da wani abu. Sauran dubban kwalaben da ke ɗauke da wannan suna daga wasu ganguna suka fito, a wasu hawa, a wasu rumbuna. Lambar yabo ta hau kan suna, alhali ganga ce ta ci. Ga burbon da aka gauraya, yabon kwalba ɗaya yana iya zama yabon duka, tunda an yi aiki don su zama ɗaya. Ga ta ganga ɗaya kuwa, abin da lambar take nunawa bai wuce cewa kamfanin yana da ganguna masu kyau, kuma masu zaɓensa sun iya zaɓe ba. Kuma kamfani ne da kansa yake biyan kuɗin shiga gasar ya aika da kwalbarsa.

Wannan ne ya sa masu bin abin da gaske ba sa tsayawa a kan suna. Suna karanta ƙananan rubutun jikin kwalba: lambar ganga, harafin rumbu, hawa, ranar cikawa, ranar juyewa. Idan wani ya rubuta ra'ayinsa bai faɗi lambar ganga ba, ba su ɗauke shi da nauyi. Daga nan kuma wata al'ada ta bunƙasa, inda mai kanti ko wata ƙungiya za su je masana'anta da kansu. A mirgino musu ganguna kaɗan, a buge toshiyar katako da guduma, a zura dogon bututun tagulla a ɗebo daga kowace. Su ɗanɗana, su yi gardama, su nuna wadda suke so, a ɗura musu ita duka a manna takardarsu a jiki. Mai saye a nan bakin mai kantin ya amince wa, ba sunan kamfani ba. Sai dai ko a nan akwai rata. Abin da suka ɗanɗana a rumbu ɗanye ne daga ganga, da cikakken ƙarfinsa, da ɓurɓushin gawayi a ciki. Kafin ya iso kanti, makonni ko watanni sun wuce, an tace shi, kuma in ba an rubuta cewa da ƙarfin ganga aka ɗura shi ba, an zuba masa ruwa ya sauko zuwa ma'aunin da kamfanin ya saba sayarwa.